Tsakanin Yamai da Kalfu, ina rabon ƙasa yake tsayawa?

A ƙidayar jama'a ta 2012, jihar Tawa tana da mutum miliyan 3 da dubu 328, birnin Yamai kuwa miliyan 1 da dubu 27. Duk ɗan Yamai guda, akwai mutanen jihar Tawa uku. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, ya zaga Yamai ya ga gadojin sama uku da aka gina tun daga 2013, da gada ta uku a kan kogin Kwara, da babban asibitin da aka buɗe a 2016, da otal-otal da filin jirgin da aka gyara don taron ƙungiyar Tarayyar Afirka na 2019. Sannan ya hau mota ya ci kilomita wajen 550 ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni, ya sauka Tawa, ya nemi wata motar ya nufi gabas zuwa Kalfu da ƙauyukan da ke bayanta. Ƙasa ɗaya ce, tuta ɗaya, katin ɗan ƙasa iri ɗaya, amma abin da ɗan ƙasa ke samu daga hukuma raguwa yake yi da kowane zango, har a kai inda ba a ganin gwamnati sai ranar haraji da ranar allurar rigakafi.

Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2018 da 2019 ya nuna kimanin kashi 41 cikin 100 na 'yan Nijar suna cikin talauci. A birane kashi 12 ne, a karkara kashi 47, a Yamai kuwa bai kai kashi 10 ba. Amma cikin binciken akwai abin da ya kamata Ba'adare, ɗan ƙasar Adar ta jihar Tawa, ya tsaya ya yi tunani a kai: talaucin jihar Tawa bai kai na Maraɗi da Damagaram da Dosso ba. Yaya aka yi ƙasar duwatsu da faƙo, inda ruwan shekara a yankin Tawa da ƙyar yake kai milimita 400, ta fi ƙasashen da suka fi ta damina sauƙin talauci? Wanda ke zaune a ofis zai iya cewa ai ga shaida, Adar ba ta da kuka. Wanda ya san ƙasar ya san inda amsar take. Tana Abijan, tana Sabha da Tarabulus, tana Legas da Kwatano da Duwala da Libirbil.

A je Kalfu, ko Barmu, ko Afala, ko Bambai, bayan an gama ɗaure damma an zuba a rumbu. Cikin makonni kaɗan gari ya zube. Samari da magidanta sun ɗauki jaka sun tafi biɗa, wasu da kuɗin mota na rance, wasu bayan sun sayar da akuyar uwarsu. Saura tsofaffi a gindin bango, da mata, da yara. Ranar kasuwa sai ka ga layi a ƙofar shagon aiken kuɗi, Nita ko Al Izza ko Amana, mata riƙe da 'yar takarda ko waya mai ɗauke da lambar da miji ya turo. Jika goma, jika ashirin. Daga nan kai tsaye wajen mai awo, a sayi tiyoyin hatsi ko masara, a biya bashin mai shago, a cire na magani. Da wannan kuɗin ake aure da suna, da shi ake rufin kwano, da shi aka gina masallatai da yawa da ake gani a garuruwan nan, wani lokaci har da aji ko rijiya. Mai tallan shayi a Abijan da mai dako a gonakin Libiya su ne suke ɗauke da nauyin da a wata ƙasa baitulmali ke ɗauka. Saboda sun iya ɗaukarsa, alƙaluma suka fito da sauƙi, hukuma ta samu wurin fakewa.

Abin da ke damuna shi ne wannan arziki ba a hannunmu yake ba. A 1983 Najeriya ta kori baƙi. A 1984 ta rufe iyaka a daidai lokacin da fari ya ƙone gonaki, har mutane suka sa wa yunwar shekarar sunan Buhari, shugaban Najeriya na lokacin. A 2002 rikici ya ɓarke a Kodibuwa, ya sake tashi a ƙarshen 2010. A 2011 Libiya ta wargaje, 'yan Nijar sama da dubu 200 suka dawo gida daga ƙasashen biyu, kuma jihar Tawa na cikin waɗanda suka fi karɓar su, mafi yawansu hannu wofi. A Agustan 2019 Najeriya ta sake rufe iyaka har zuwa ƙarshen 2020. A 2023 takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya zo, ga naira ta faɗi, wanda ke aiko da ita ya ga guminsa ya narke kafin ya zama sefa. Duk lokacin da wani shugaba a wata ƙasa ya sa hannu a takarda, tukunya a Kalfu ce ke fara ji. Yankin da abincinsa ya rataya a kan zaman lafiyar ƙasashen wasu bai ci gaba ba, ko da alƙaluma sun ce ya fi maƙwabtansa.

Adar ba ta taso a matsayin bayan gari ba. Duk wanda ya karanta aikin Farfesa Djibo Hamani kan Adar kafin zuwan Turawa, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa a yau, ya san ƙasar mahaɗa ce tsakanin Abzin da Kabi da Gobir, daga baya da Sakkwato. Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci ta a ƙarni na 17 saboda hanyar fatauci ce mai daraja. Ayarin gishiri da dabino na saukowa, hatsi da tufafi da fatu na hawa. Faransa da Ingila suka zo suka ja layi a 1898, suka gyara shi a 1904 da 1906, Sakkwato ta koma wata ƙasa. A 1926 aka ɗauke fadar mulki daga Damagaram zuwa Yamai, can ƙuryar yamma. Abin da Bature ya kula da shi a ƙasar Hausa ta Nijar shi ne gyaɗa, kuma gyaɗar tana Maraɗi da Damagaram. Abin da ya nema a Adar haraji ne da 'yan aikin tilas. Harajin kuwa da kuɗi ake biyansa, ƙasar ba ta da amfanin gonar da ke kawo kuɗin, sai aka koyi tafiya nemansu kudu. Tafiyar da ake yi mana kirari da ita yau, cewa Ba'adare ba ya zama, wani ɓangarenta dole ce ta haife ta.

Bayan 'yancin kai an samu arziki, kuma ta gabanmu ya wuce. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙo yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a 1978. Don fitar da shi aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970, sama da kilomita 600. Shekara arba'in manyan motoci suna ratsa Abalak da Tabalak da Tawa ɗauke da gangunan da ke kunna fitilun Faransa, suna wuce garuruwan da ke kwana da aci-bal-bal da tocila. Kuɗin ya gina manyan gine-ginen Yamai na zamanin mulkin shugaba Kunce. Hanyar kanta aka bar ta ta lalace har direbobi suka gwammace su sauka su bi gefenta. A yarjejeniyar 2014 kamfanin Areva mai haƙar yuraniyom ya yi alƙawarin yuro miliyan 90 don gyaranta, amma matafiya sun ci gaba da shan wuya a kanta shekaru bayan haka. A wannan shekarar ta 2014 aka aza harsashin tashar lantarki ta kwal a Salkadamna, arewa maso yammacin Tawa, da alƙawarin megawat 600. Mulkin da ya aza harsashin ya ƙare a 2021 tashar ba ta ba da wuta ba. Yanzu ga bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar Benin, kusan kilomita 2000, ya ratsa kudancin jihar, an fara lodin mai a 2024. Tambayar ba ta canza ba: cikin abin da ke wucewa, me ke sauka?

Nan ne zan faɗi abin da wasu 'yan'uwa ba za su so ji ba. An daɗe ana bayyana wannan giɓi da harshen ƙabila da ɓangare: mutanen yamma sun riƙe mulki, sun manta da gabas. Akwai ƙamshin gaskiya a tarihin, ba na musu. Amma daga 2011 zuwa 2021 ɗan Adar ne, haifaffen Dandaji ta ƙasar Illela, ya mulki Nijar, kuma babu jihar da ta ba jam'iyyarsa ƙuri'a kamar Tawa. An yi ayyuka, kada a ci amanar gaskiya: an yi hanyoyi, an gina azuzuwa, an kafa tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, an sabunta masana'antar siminti. A 2017 bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba ya zo Tawa da shirin Tawa Sakola, birnin ya sha kwalta da fitilu da sababbin gine-gine. To, shekara goma ɗan gida yana kan kujera, shin motocin 'yan biɗa sun rage lodi bayan kaka? Shin mace mai naƙuda a ƙauyen da ke bayan Kalfu ta daina hawa amalanken jaki zuwa likita? Ba su rage ba, ba ta daina ba. Abin da Yamai ke yi wa Tawa, shi birnin Tawa ya yi wa Kalfu da Takanamat da Tebaram. Haka ma manomin Zarmaganda bai ci wata riba ba don Zabarmawa sun yi mulki shekara talatin. Yana cikin mafiya wahala a ƙasar. Cutar ba ta asalin mai mulki ba ce. Tana cikin yadda aka tsara rabon, inda kuɗi ke tsayawa a wurin da masu sa hannu suke zaune.

Yadda abin ke aiki ba ɓoyayye ba ne. A Yamai ake tsara kasafi, a can ake ba da kwangila, a can manyan ma'aikata ke karɓar albashi su kashe shi. Ƙungiyoyin agaji da ke zuwa da sunan talakan karkara a can suke kama haya, su ɗauki ma'aikata, su sayi motoci, kuma wani kaso na kuɗin ya ƙare kafin ya wuce Dosso. Likita ko ungozomar da aka tura daji tana fara neman hanyar komawa birni tun kafin ta kwance kaya, kuma ba na ganin laifinta sosai: ba gida, ba wuta, ba makarantar da za ta sa 'ya'yanta, ba wani ƙarin albashin kirki da zai sa ta haƙura. Makarantun ƙauye malaman kwantaragi ne ke riƙe da su, kuɗinsu na makara, wani sai ya bar aji ya tafi gari karɓa. Azuzuwan zana ba sa buɗewa sai an samu kara bayan girbi, su rufe da ruwan farko. Yaron da ya yi karatun wata shida a shekara zai zauna jarrabawa ɗaya da ɗan Yamai da ya yi tara, a ce an yi musu adalci. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma da baitulmali ya riƙa jinkirin biyan ɗakunan shan magani, kantocinsu suka bushe. Ɗan birni yana da kyamis a bakin titi. Ɗan ƙauye sai ya koma gida da takarda.

Ga kuma ruwa. A wurare da yawa na Adar ruwan kirki yana can ƙasa mita ɗaruruwa, ba aikin da gayya za ta iya ba ne, sai injin haƙa da miliyoyi. Idan aka auna aiki da arha kawai, mutum nawa za su sha da miliyan ɗaya, kullum wani wuri ne zai riga mu. Irin wannan lissafi mai kama da hankali shi ke dawwamar da giɓin, domin inda ya fi tsada nan ne ya fi buƙata.

An ce maganin shi ne a sauko da mulki kusa da jama'a. A 2004 aka zaɓi kansiloli da magadan gari a karon farko, Kalfu ta zama ƙaramar hukuma mai majalisarta. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihohin da ake haƙowa. An kafa hukumar ANFICT don ta tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi. A takarda komai ya yi kyau. A aikace an miƙa wa magajin gari nauyin makaranta da ruwa da lafiya, aka riƙe kuɗin a sama. Me zai tara? Harajin kai daga gidajen da mazansu ba sa nan, da kuɗin rumfar kasuwa, da na dabbobi. Bayan albashin 'yan ma'aikatansa da man mota, abin da ya rage ba ya haƙa rijiya mai zurfi ko guda. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun aka naɗa kantomomi. Wataƙila wasunsu sun fi waɗanda suka gada tsare amana, amma wanda aka naɗo daga sama, sama yake kallo.

Akwai masu cewa laifin ƙasar ne: dutse, fari, ga yawan haihuwa. Ba ƙarya suka yi ba, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta. Amma Adar ta riga ta ba da amsa a Keita. Daga 1984, bayan babban fari, aikin da Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da hukumar FAO da shirin abinci na duniya ya farfaɗo da faƙo sama da hekta dubu 30, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18, aka yi madatsun ruwa a ƙoramu. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, da diga da kwanon ɗaukar dutse a ka, ana biyansu da abinci, domin mazan suna biɗa. A kwarin Majiya an fara dasa layukan itatuwa masu tare iska tun 1975. A ƙasar Illela manoma sun karɓi tassa a ƙarshen shekarun 1980: a haƙa rami a faƙo, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki, hatsi ya fito inda ko ciyawa ba ta fitowa, har faƙon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Albasar Galmi da ake nomawa daga Madawa zuwa Tamaske tana cika kasuwannin Akara da Abijan. Ƙasar tana amsawa idan aka zuba mata. Abin lura shi ne kusan duk waɗannan da kuɗin baƙi aka yi su, kuma da baƙin suka naɗe tabarma, ba a samu kasafin ƙasa da ya ci gaba da su da irin wannan ƙarfi ba. Manomin albasa har gobe yana sayarwa da arha a lokacin girbi saboda bashi da rashin wurin ajiya, riba ta tafi ga mai mota.

Idan aka ƙara hawa arewa, farashin sakaci ya wuce talauci. Kisan da aka yi a Cintabaradan a Mayun 1990 ya buɗe tawayen da sai 24 ga Afrilun 1995 aka sa hannun sulhunsa, kuma cikin manyan koke-koken akwai rabon arziki da mulkin kai. A 21 ga Maris na 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tilliya, bisa alƙaluman gwamnati. Inda hukuma ba ta kai rijiya da makaranta da alƙali ba, wani yakan riga ta isa da bindiga.

Mu ma muna da namu. Attajiranmu da suka yi arziki a waje, da 'yan bokonmu da suka samu muƙami, sun fi son fili a Yamai ko bene a Tawa da a ce sun haɗa jari sun kafa abin da zai riƙe matasa ashirin a gida da rani. Ana gasar gina masallaci na uku a unguwa guda alhali ɗakin haihuwa ba shi da fitila. Muna cire 'yan mata daga makaranta, sannan mu yi ƙorafin ba ungozoma 'yar gari. Kuma mun saba sayar da ƙuri'a da alfaharin namu ne, ba mu tambayi abin da aka rubuta wa ƙaramar hukumarmu a kasafi ba.

Abin da nake nema ga mahukunta, ranku ya daɗe, ba alfarma ba ce. A kafa ƙa'idar rabo a rubuce, wadda za ta auna yawan jama'a da nisan wuri da tsadar aiki, a ware wa ƙananan hukumomi kaso tsayayye na kuɗin shigar ƙasa, har da na mai da na yuraniyom, ya sauka asusunsu kai tsaye ba sai an bi ofis-ofis ana roƙo ba. Ma'aikacin da ya yarda ya zauna daji a ba shi gida da ƙarin albashi mai ma'ana, shekarunsa na can su riƙa ƙirguwa wajen ƙarin girma. A mayar da aikin farfaɗo da ƙasa irin na Keita aikin gwamnati na kowace shekara, daga kaka zuwa bazara, ana biya da kuɗi, don magidanci ya samu zaɓi tsakanin tafiya da zama. A dawo da zaɓen kansiloli. Kuma tunda kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, a fara amfani da ita inda ta fi amfani: a karanta kasafin kowace ƙaramar hukuma da Hausa da Tamashak da Fulatanci a gidajen rediyon karkara, a liƙa shi a ƙofar ofishin magajin gari, abin da aka yi alƙawari da abin da ya iso.

Ku kuma 'yan'uwa da ke Abijan da Libiya da Najeriya da Gabon, kuna da ƙungiyoyin 'yan gari, kuna da asusun da kuke kai gawa gida da shi. Ku ne kuka ciyar da Adar shekaru sittin, don haka kuna da bakin magana. Kafin ku aiko da gudummawar gini ta gaba, ku tura wakilai ofishin ƙaramar hukuma su nemi a nuna musu kasafin bana, su karanta muku shi a waya, ku ji nawa aka rubuta wa garinku na ruwa da makaranta da ɗakin haihuwa, nawa kuma ya sauka.